Koren Gwangwanin Gwaggo da Leɓen Inna

Ranar da aka sallamo Inna daga asibiti, ma'aikaciyar jinyar da ta rako mu bakin mota ba ta ja mini dogon bayani ba. Cewa ta yi, "Hajiya, abu ɗaya zan gaya miki. Ta riƙa sha. Ruwa, koko, kunu, romo, duk abin da zai wuce. Ranar da ta daina sha da bakinta, ku dawo da ita a mayar mata da robar."

Robar da take nufi ita ce wadda ake zurawa ta hanci har ciki, a riƙa ɗura wa marar lafiya abinci da sirinji. An sa wa Inna ita a farkon kwanciyarta, bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a bakin murhu, ya tafi da hannunta na dama da maganarta. Ta yi ta fizge robar da hannun hagu, har sai da aka ɗaure hannun a ƙarfen gado da bandeji. Ina tsaye aka ɗaure mahaifiyata kamar akuya a turke. Ranar da aka cire mata, ta kama wuyan rigata, ta nuna hancinta, ta girgiza kai, ta ƙi sakina sai da na faɗa da ƙarfi a gaban kowa: "Na yi muku alkawari, Inna. Ba za a sake ba."

Ni ba mace ba ce mai sakin magana don kawai a rabu lafiya. Na daɗe ina riƙe da ɗakin ajiyar bayanai na wani kamfanin jimar fata a Challawa, inda duk durom ɗin sinadarin da ya shigo sai na karanta rubutun jikinsa, na gwada da takardar da ta rako shi, kafin in sa hannu. An sha yi mini tsegumin taurin kai, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Saboda haka da na ɗauki hutu, na baro gidan mijina na dawo gidanmu na cikin tsohuwar Sharada, a ganina aikin da ke gabana a fili yake: kofi, cokali da haƙuri. Ban kawo wa raina cewa abin da zai nemi karya mini alkawari ɗan gwangwani ne wanda tafin hannun jariri zai rufe shi ba.

Tsakiyar bazara ce. Ɗakin Inna na kwano ne, katangar kamfanin robobin da aka gina a kan tsohuwar gonar mahaifinmu kuma ta tare duk iskar da a da ke shigo mana ta gabas. Ciwon ya karkatar da bakinta, leɓen ƙasa ba ya haɗuwa da na sama, da baki take numfashi, ga magungunan da take haɗiya suna busar da miyau. Leɓen ya bushe, ya yi fari, ya tsage a tsakiya. Tsaga ce ƙarama irin wadda kowa ke yi. Tana shan kokonta, tana ɗan yamutsa fuska, shi ke nan.

A unguwarmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Tun da kamfanoni suka cinye gonaki, abin da mace ke riƙowa shi ne abin da ake yi a inda mijinta ko ɗanta ke aiki: biskit ɗin da ya kakkarye, sabulun da bai samu tambari ba, bokitin roba mai ɗan tabo. Ban ga laifin wannan ba, zumunci ne. Inda al'adar ta yi tsauri shi ne abin shafawa. Wadda ta kawo mai ko magani ba ta ajiyewa a gefen gado ta tafi. Da hannunta take shafa wa marar lafiya, da bismillah, a gaban jama'a, masu gida kuma su yi godiya. Duk wanda ya ce mata, "A ajiye, za a shafa an jima," to ya faɗa a fakaice cewa bai yarda da hannunta ba. Wannan kuwa zargi ne mai nauyi a wurinmu, ana iya shiga kabari ba a yafe shi ba.

Wadda ta fara lura da leɓen Inna ita ce maƙwabciyarmu, 'yar Filato, mai aiki a wani kamfanin man shafawa a nan Sharada. Ta shigo da ɗan man leɓe ruwan hoda, mai siffar jan baki, yana ƙamshin alawa.

"Mama, yau kwalliya za mu yi," in ji ta, tana murza shi. "Kafin magariba tsofaffin unguwar nan za su yi layi a ƙofar gida."

Inna ta yi murmushin rabin baki, irin wanda ciwon ya bar mata. Aka shafa, muka yi godiya. Na lura bayan tafiyarta Inna tana ta lasar leɓen, amma ban ɗauke shi komai ba.

Washegari Gwaggo ta gani. Gwaggo yayar mahaifinmu ce, ita ce babba a duk matan danginmu. Ita ta karɓi Inna ranar da aka kawo ta amarya, ita ta yi mana wankan jarirantaka ni da yayana, ita ce kuma ke wanke duk macen da ta rasu a dangi. Tun da Inna ta kwanta, kullum bayan azahar sai ta hawo adaidaita-sahu daga Ɗorayi, ta ratso tsakanin tireloli da ciwon gwiwarta, ta zo ta zauna a gefen gado tana ba Inna labarin wanda ya yi aure da wanda ya saki. Idan ta yi sallama, idon Inna har haske yake yi. Ina rubuta wannan ne don kada wani ya ɗauka muguwar mace nake kwatantawa.

"Wace ce ta shafa mata wannan alawar?" in ji Gwaggo. "Mace da jikoki a mayar da ita 'yar tsana! Ku matsa, ga magani."

Ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan gwangwani kore. Ɗanta mai aiki a Bompai ne ya ba ta, an raba musu a kamfaninsu. Ta goge leɓen Inna da gefen mayafi, ta lakato da yatsa, ta yi bismillah, ta murza sosai kamar mai shafa wa yaro mai a gwiwa. Ƙamshi ya cika ɗakin, na na'a-na'a a sama, a ƙarƙashinsa kuma wani da na sani sarai. Kafur ne. Rabona da jin sa haka tun ranar da Gwaggo ta yi wa kakarmu wankan ƙarshe. Idon Inna ya cika da hawaye, hannunta na hagu ya damƙe zanin gado.

"Kun gani? Ya kama ta," in ji Gwaggo, tana duban matan da ke zaune. "Aiki yake yi. Wanda kuka shafa jiya ko tari ya sa ta?"

Aka yi dariya, aka yi ta sa albarka. Ni ma na yi godiya, domin a ranar ban san abin da ke cikin gwangwanin ba.

Daga nan kullum sai an shafa. Leɓen da ke da tsaga ɗaya ya kumbura, ya yi ja, fatarsa ta fara saɓulewa. Tsagar ta haifi 'yan'uwa, ɗaya ta bi kusurwar baki inda miyau ke taruwa, ta yi ɓawo mai ruwan ƙwai. Koko ya gagara saboda tsaminsa, na koma kunun gyaɗa. Kunun ya gagara, na koma ruwa. Daga baya ko cokali ta ga na ɗauko sai ta kawar da kai ta fuskanci bango. Da na nuna wa Gwaggo, cewa ta yi, "Dauɗar ciwon ce ke fita. A ƙara da safe ma." Inna ba ta da bakin cewa yana ƙona ta. Hawayenta kaɗai ke magana, kowa kuma yana fassara shi yadda ya yi masa daɗi.

Nawa leɓen ma ya tsage a lokacin, don ni kaina na manta da shan ruwa. Wata safiya, bayan na gama gyara Inna, na zauna a tsakar gida da abubuwa uku a kan faranti: koren gwangwanin, ruwan hodan, da wata tsohuwar kwalbar farin basilin da na gani a bayan samirun Inna. Na fara da koren. Da farko sanyi na ji, mai daɗi, kamar an ɗora ƙanƙara. Kafin in gama jin daɗin, sanyin ya juye ya zama wuta daidai cikin tsagar, har ruwa ya zubo mini daga ido ba tare da na yi niyyar kuka ba. Bayan ya lafa sai wurin ya yi dundum kamar ba a jikina yake ba, zuwa hantsi kuma ya bushe fiye da yadda yake, yana neman a ƙara. Ni da nake da tsaga ɗaya ke nan, kuma ina da hannun gogewa. Ruwan hodan bai ƙona sosai ba, amma zaƙinsa bai bar harshena ya zauna ba, na lashe shi tas, miyau ya bushe a wurin ya bar shi yana ja. Basilin kuwa ban ji komai ba. Ba sanyi, ba zafi, ba ƙamshi. Na sha ruwa a kansa, bakin kofin bai cije ni ba.

Na ɗauki hoton rubutun jikin koren da waya, na buɗa shi don ƙananan haruffan su fito. Bayan kaki da mai, sai mentol, sai kafur, sai fenol. Sunan na ƙarshen ya tsayar da ni, domin na san shi a jikin durom, tare da gargaɗin kada ya taɓa fata. Ban tsaya neman shawara ba. Na bar Inna da matar yayana, na tafi babban kemis ɗin da muke sayen magungunanta a hanyar Bompai, na zube abubuwan uku a gaban mai haɗa magani, wata mace mai gilashi wadda ba ta da gaggawa, na gaya mata halin da Inna take ciki.

"Kwantar da hankalinki, ba guba ba ne," ta ce bayan ta karanta. "Ɗan kaɗan ake sawa, ba irin na durom ɗinku ba. Mai lafiyayyen leɓe zai shafa ya ji sanyi ya wuce. Amma a kan tsaga, kuma a fatar tsohuwa, kullum kullum, ai ba zai bar wurin ya haɗe ba."

Ta jera su a kan kanta ta yi mini bayani dalla-dalla. A cikin kowane man leɓe, in ji ta, akwai abin da aka sa don leɓe, akwai abin da aka sa don mai saye. Basilin da kakin zuma rufi ne, ba su ƙara wa fata ruwa, amma suna hana wanda ke ciki tserewa. Man kaɗanya da man kwakwa suna tausasa fatar. Waɗannan su ne na leɓe. Mentol da kafur ba sa warkar da tsaga, sanyi kawai suke sa mutum ya ji, a fatar da ta buɗe kuma sukan tayar da ita. Fenol yana kashe zafi na ɗan lokaci, yana kuma saɓule fatar sama, wadda ita ce muke roƙon Allah ta tsiro. Turare da kala da zaƙi na hanci da ido da harshe ne, wasu jikinsu ba ya karɓar su sam, zaƙin kuma yana jawo lasa, lasa tana jawo bushewa. Har kitsen ulun tumaki da ke cikin ruwan hodan, wanda ke yi wa mutane da yawa amfani, akwai waɗanda yake sa wa ƙaiƙayi.

"Ki jiƙa leɓen da ruwa mai tsabta, ki rufe da farin basilin marar ƙamshi, ko man kaɗanya tsantsa," ta ce. "Da auduga, ba da yatsa ba. Wancan ɓawon na kusurwa kuma ma'aikaciyar jinya ta duba shi. Kada a ƙara sa komai bayan wannan. Wa ke shafa mata koren?"

"Gwaggona."

Ta cire gilashinta ta dube ni. "To, Hajiya, Allah Ya ba ki sa'a. Maganin wannan ba mu da shi a kanta."

Da maƙwabciyarmu abin bai yi wuya ba. Na same ta a bakin famfo na yi mata bayani ina ta kame-kame, ta karɓi kayanta tana dariya. "Haba Anti, don wannan kike ta rantse-rantse? Kawo, 'yata ta daɗe tana sa masa ido."

Sai na tari yayana a soro, ya dawo daga aiki yana cire takalmi. Na gaya masa duk abin da na gani da wanda aka gaya mini, na ce shi ne namiji babba, shi ya kamata ya yi wa Gwaggo magana.

"Ni?" in ji shi. "In ce wa Gwaggo hannunta ne ke ƙara wa Inna ciwo? Ke in an gama jinya gidan mijinki za ki koma. Ni ne zan zauna da dangi."

"Yaya, ba ta sha. Ka shiga ka duba harshenta."

"Na gani. Amma ki bi a hankali. Ba ta bar gwangwanin a ɗaki ba? A kwashe na ciki a zuba basilin. Ta shafa abinta, kowa ya huta."

Na ce ba da ni ba. Duk rayuwar aikina a kan abu ɗaya na tsaya, cewa abin da aka rubuta a jikin mazubi shi ne zai kasance a cikinsa, ba kuma zan fara saɓa wannan a ɗakin mahaifiyata ba, balle a yaudari tsohuwa. Ya ce in ci gaba da tsayuwa, shi zai yi. Ya kuwa yi, har da wanke gwangwanin da ruwan zafi. Da Gwaggo ta zo ta buɗe, ta kai hanci, ta ɓata fuska.

"Ya sha iska. Zafin ɗakin nan ya kashe shi." Ta kwance bakin zani. "Allah Ya sa yaron nan guda biyu ya ba ni."

Yayana da ke tsaye a bakin ƙofa ya juya ya fita. Na gwada goge man bayan tafiyarta, sai ɓawon ya biyo audugar, jini ya biyo ɓawon. Na gwada cewa likita ya hana. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa. "Wane likitan? Wanda ya ɗaure ta a gado? Malama akawu, tun ba a haifi likitanku ba nake jinya a gidan nan." Ni ma kuwa ban yafe ɗaurin ba.

Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa auna jinin Inna da safe ta zo ta tsunkuli fatar bayan hannunta, fatar ta tsaya a tsunkule ba ta koma ba. Ta duba fitsarin da ke cikin fo, ya yi launin baƙin shayi. Ta rubuta wani magani na kusurwar bakin, sannan ta ja ni waje.

"Idan zuwa jibi ba ta sha abin kirki ba, ni da kaina zan kira mota," ta ce. "Ƙodarta ba za ta jira ku gama kunyar juna ba."

Na roƙe ta ta tsaya ta faɗa wa Gwaggo da bakinta. Ta ce tana da aikin rana, kuma ko ta faɗa, da ta ba da baya za a shafa. Da na koma ɗaki na tarar Inna ta ji komai. Ta ɗaga hannun hagu ta taɓa hancinta, ta zuba mini ido. Na ɗiga mata ruwa da auduga ta gefen da bai tsage ba, rabi ya shiga, rabi ya bi wuya. Na yi ta lissafin hanyoyin da suka rage, ban sami ko ɗaya da ba ta bi ta gaban Gwaggo ba.

Ranar Juma'a ce, ɗakin ya cika fiye da kullum, har da matan da suka zo daga Challawa. Gwaggo ta gama gaishe-gaishe, ta zauna a wurinta, ta buɗe gwangwanin, ƙamshin kafur ya tashi. Na ga Inna ta runtse ido tun kafin yatsan ya iso. Ta lakato, ta ce bismillah, ta miƙa hannu. Na riƙe wuyan hannun.

Ban taɓa sanin hannun Gwaggo ba shi da nauyi haka ba. Ƙashi ne da fata da awarwaro ɗaya.

"Gwaggo, ku yi haƙuri," na ce. "Ba za a ƙara shafa wannan ba."

"Ni kike riƙe wa hannu?"

"Ku gafarce ni. Yana ƙona ta. Na shafa a nawa na ji. Akwai abubuwa a cikinsa da ba sa barin tsaga ta haɗe, saboda shi ta daina sha, in kuma ba ta sha ba jibi za a mayar mata da roba."

"Ku ji mini 'yar nan." Ta juya ga matan, hannunta har yanzu a cikin nawa. "Guba na kawo ke nan. Na baro Ɗorayi da gwiwar nan kullum don in kashe matar ƙanina."

"Ban ce haka ba, Gwaggo. Wallahi ban ce ba."

"Me ya rage ba ki ce ba? Hannun da ya wanke ki ranar da kika faɗo duniya, yau shi ne abin tsoro?"

Wata daga cikin matan ta ce, "Ke, saki mana! Boko hauka ne?" Wata ta ce a bar ta ta shafa na yau kawai, gobe a yi magana a tsanake. Na san wannan goben, ita muke ta jira tun da leɓen ya fara kumbura. Na durƙusa a gabanta ba tare da na saki ba, na ce ta zage ni, ta mare ni da ɗayan hannun in ta so, amma yatsan nan ba zai taɓa bakin Inna ba. Ban janye ko kalma ɗaya ba.

Gwaggo ta dubi Inna. "Ke ma haka kika ce?"

Inna ba ta iya cewa komai. Ta dube ta, ta dube ni, hawaye yana bin gefen fuskarta zuwa kunne. Har yau ban san ko na wanne ne a cikinmu ba.

Gwaggo ta zare hannunta a hankali, ta goge yatsan a zaninta, ta rufe gwangwanin ta ƙulle. Ta miƙe da ƙyar, ta ƙi karɓar hannun da aka miƙa mata. A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Allah Ya ba ta lafiya a hannun masu ilimi." Matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kowace tana neman takalminta ba ta dube ni ba. Yayana bai yi mini magana ba a ranar, bai yi ba washegari.

Na jiƙa leɓen, na rufe shi da basilin, na sa maganin kusurwa yadda aka rubuta. Duk sanda ya bushe na sake. Ba wani abin kallo a ciki, ba ƙamshi, ba alamar cewa wani abu na faruwa, ni kaina sai da na fara shakka. Asabar ta wuce da 'yan ɗigon ruwa. Na shirya jakar asibiti na tura ta ƙarƙashin gado inda Inna ba za ta gani ba, na zauna ina tunanin da wane baki zan gaya mata cewa na ɓata ta da Gwaggo, kuma duk da haka za a zura robar.

Ranar Lahadi da safe kumburin ya ɗan saɓe, jan ya ragu. Na dama kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa, na bar shi ya huce, na kawo cokali. Ta dube shi tsawon lokaci. Sannan ta buɗe baki. Ta haɗiye, ta jira zafin da ta saba, bai zo da ƙarfinsa ba, ta sake buɗewa. Lokacin da ma'aikaciyar jinyar ta iso, kofin ya yi ƙasa sosai, ga wani na ruwa a gefe ta taɓa shi. Ta tsunkuli fatar, ta duba fo, ta ce, "A ci gaba haka. Zan dawo gobe in gani." Ba ta kira mota ba, a ranar ko bayanta. Ba a mayar wa Inna da roba ba.

Amma bayan azahar ɗakin ya zama wani iri. 'Yan dubiya suka ɗauke ƙafa, sai maƙwabciyarmu da ke leƙowa in ta tashi aiki. Da leɓen ya haɗe sarai, na ɗaura mayafi na tafi Ɗorayi. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar yadda ake amsa wa mai tallan da ba a niyyar saye. Na ba da haƙuri a kan riƙe hannun, na ce Inna tana nemanta.

"To, kin yarda maganina ba shi ya yi mata illa ba?" ta tambaya, idonta a kan faranti.

Kalma ɗaya take so, kuma na san da na faɗe ta da yammar nan za ta biyo ni. Na kuma san da gwangwanin za ta zo. Na ce, "Gwaggo, niyyarku ban taɓa shakkarta ba. Amma man ne ya yi."

"To, ki gaishe ta," ta ce, ta ci gaba da tsintarta.

Na daɗe a durƙushe, har ƙafata ta yi sanyi. Na tashi na hawo adaidaita-sahu, muka maƙale a bayan tireloli har la'asar ta yi. Da na shiga gida na wanke hannu, na dama kunu, na yi sallama a ƙofar ɗakin. Inna ta ɗago kai da sauri, ta dube ni, sannan ta dubi bayana, ta ci gaba da duban labulen har ya daina motsi. Na zauna a gefen gado, a wurin Gwaggo, na miƙa mata cokali. Ta buɗe baki ta sha, idonta yana kan ƙofa.